Sharhi: Haƙorin Yaron Ollelewa da Kuɗin Hanyar Damagaram

Tun daga watan Afrilu na 2006, zamanin mulkin Tandja Mamadou, doka ta ce yaron da bai cika shekara 5 ba a duba shi, a ba shi magani a asibitin gwamnati ba tare da an karɓi ko dala daga hannun iyayensa ba. Babu mai musun alfanun wannan mataki. Daga 1998 zuwa 2009 yawan yaran da ke mutuwa kafin su kai shekara 5 a Nijar ya sauko daga 226 zuwa 128 cikin kowane 1000, kuma magani kyauta na cikin dalilan da masana suka lissafa. To amma wanda ya tsara dokar ya ja layinsa a wurin da jikin ɗan Adam bai san da shi ba. Turmin farko na dindindin, wato babban haƙorin tauna da yaro zai rayu da shi har tsufa, yana fitowa ne a wajen shekara 6, can bayan haƙoran nono, ba tare da wani haƙori ya faɗi ya ba shi wuri ba. Ke nan yaro na fita daga inuwar doka, shekara guda bayan haka sai ga haƙorin da ya fi kowane buƙatar kulawa. Iyaye da dama ɗaukarsa suke haƙorin nono ne, idan ya yi kogo su ce a bar shi, ai famfara na tafe. Wannan kuwa ba ya famfara, idan ya tafi ya tafi ke nan.

Ƙaramar hukumar Ollelewa da ke gundumar Tanut wuri ne da ya dace a auna wannan magana da shi. Ƙidayar 2012 ta samu mutum sama da 100,000 a cikinta, Hausawa da Dagra da Buzaye da Fulani, manoma da makiyaya, warwatse cikin ƙauyuka da rugage a ƙasar Damargu da aka daɗe ana yi wa kirari da rumbun hatsi. Babbar hanyar Damagaram zuwa Agadas ta ratsa ta, kasuwar Bakin Birji na cikinta, kuma a ƙasarta aka gina matatar man fetur ta SORAZ, kimanin kilomita 50 arewa da Damagaram, wadda aka buɗe ranar 28 ga Nuwamba 2011 da ƙarfin tace ganga 20,000 a yini. Duk tankar man da ta fita daga can ta kan ƙasar Ollelewa take bi. Amma magidancin da ɗansa ya kwana yana kuka da kumburarren kunci, idan likitan haƙori mai cikakken kayan aiki yake nema, Damagaram zai nufa, kamar yadda na Gangara da na Tarka a gundumar Belbeji za su yi.

A nan ne lissafi yake farawa, kuma kuɗin likita shi ne ƙarami a cikinsa. Daga ƙauye zuwa bakin kwalta sai an hau amalanke ko kabu-kabu. Daga bakin kwalta zuwa birni kuɗin mota na mutum biyu ne, zuwa da dawowa, domin yaro ba ya tafiya shi kaɗai, wani lokaci ma na mutum uku, idan uwa ta ce ba za ta zauna ba kuma miji ba zai bar ta ta tafi ita kaɗai ba. Wanda ya isa bayan an rufe layi sai ya kwana, a gidan ɗan'uwa idan yana da shi, a tasha ko harabar asibiti idan ba shi da kowa. Ga abinci. Ga yinin gona ko na kasuwa da aka rasa. Sa'annan likita ya duba ya ga wurin ya tara mugunya, ya rubuta takardar magani ya ce a sha na kwanaki, kumburi ya sauka, a dawo. Wannan kalma ta «a dawo» ita ce ke karya magidanci, domin duk abin da aka kashe a tafiyar farko sai an sake kashe shi. Idan kuwa ciwon ya kai ga jijiya kuma ana son a ceci haƙorin, zama biyu ko uku ake yi a kujerar likita, da hoton haƙori a tsakani. Shi ya sa idan aka ba uba zaɓi tsakanin gyara da cirewa, cirewa yake zaɓa. Jahilci ake cewa ya sa shi, alhali kuwa lissafi ya yi, kuma lissafinsa daidai ne bisa abin da ke aljihunsa.

A watan Agusta na 2024 mahukunta suka ba da sanarwar rage kuɗin aikin asibitocin gwamnati da rabi, aka fara aiki da shi ranar 1 ga Satumba. Mataki ne mai kyau, kuma mazaunin Birni ko Zango ko Sabon Gari a Damagaram ya ji sauƙinsa a jika. Sai dai ragin bai taɓa kuɗin mota ba, bai taɓa kwanan tasha ba, bai taɓa maganin da aka tura mutum ya sayo a kanti ba. Ga mutumin Ollelewa, an raba ƙaramin kaso biyu ne, babban yana nan yadda yake. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan jika 42 ne a wata tun Janairun 2024, bayan ya shafe shekaru sama da 10 yana kan 30,047. Manomin Damargu ma ba shi da albashin. Bankinsa akuya ce da tiyar hatsi, kuma ciwon haƙori ba ya jiran kaka. Idan ya zo da bazara, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, bisashe sun rame, farashinsu ya faɗi, hatsi kuma ya yi tsada, to akuyar da za a sayar don haƙori ita ce wadda aka ajiye don iri ko don abincin damina.

Ma'aikacin gwamnati kada ya ɗauka maganar ta wuce shi. Gaskiya ne yana da takardar ɗaukar nauyi da ke rage masa wani kaso na kuɗin asibiti. To amma malamin makarantar da aka tura wani ƙauye na Ollelewa, ko jami'in gona, ko malamin asibitin kansa, hanyar da talaka ke bi ita yake bi, sai ya nemi izini, ya rufe aji ko ofis, ya biya mota daga aljihunsa. Malamin kwantaragi kuwa, wanda ɗan abin da yake samu bai kai ya kawo ba, shi da manomi duk ɗaya ne a wannan fage.

Abin da mutane ke yi idan hanya ta gagara sananne ne. A tauna kanumfari, a cusa kanwa ko garin taba a kogon, a kuskure baki da ruwan gishiri. Wasu daga cikin waɗannan suna kwantar da zafi na ɗan lokaci, ba sa tsayar da ruɓa. Akwai masu ɗiga ruwan batir, wanda ke ƙone dasashi ya bar ciwon da ya fi na farko. Daga nan sai mai tallar magani a faranti, wanda zai ƙirga ƙwaya huɗu ko biyar na kashe ƙwayoyin cuta gwargwadon kuɗin da aka miƙa masa, a sha yau a bari gobe da zarar zafi ya lafa. Daga ƙarshe sai wanzami ko mai cire haƙori na ranar kasuwa. Zagin waɗannan mutane abu ne mai sauƙi daga cikin ofis mai fanka. Wanzami dai yana nan kusa, ya san uban yaron, yana karɓar hatsi ko ya jira kaka, abin da babu asibitin da ke yi. Illar ita ce awartakin da ya shiga bakin wannan shi zai shiga bakin wancan ba a dafa shi ba, kuma idan haƙori ya karye saiwa ta rage a ciki, ana kukan targaɗe ne sai ga karaya.

Da a ce abin ya tsaya ga giɓi a baki da kwana uku ba a je makaranta ba, da sai a ce akwai abin da ya fi shi gaggawa a ƙasar da zazzaɓin cizon sauro da tamowa ke ɗaukar rayuka kowace damina. Amma a jahar Damagaram babu mai ikon faɗin haka, domin nan ne ɗaya daga cikin wuraren da aka fi sanin cutar da likitoci ke kira noma. Sunan ya yi kama da na aikin gona, amma daga harshen Girka ya fito, ma'anarsa cinyewa, kuma abin da take yi ke nan. Tana kama yara ƴan shekara 2 zuwa 6, galibi waɗanda tamowa ta raunana ko suka tashi daga ƙyanda ko zazzaɓi. Farkonta ba ya da ban tsoro: dasashi ya kumbura, yana jini idan an taɓa, baki yana wari, yaro yana dalalar da miyau yana ƙin abinci. A wannan mataki maganin kashe ƙwayoyin cuta irin wanda ke kowace cibiyar lafiya, da wanke baki, da abinci mai gina jiki, sun isa su tsayar da ita. Idan aka bar ta, cikin ƴan kwanaki kunci ya kumbura, ya yi baƙi, nama ya ruɓe, har ta huda fuska ta ci leɓe da hanci da ƙashin muƙamuƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin yara 10 da suka kamu ba a yi musu magani ba, har 9 na iya mutuwa. Wanda ya tsira kuma yakan tsira da muƙamuƙin da ya ƙage, ba ya iya buɗe baki ya ci ko ya yi magana sosai, a ɓoye shi a bayan ɗaki don kunyar idon jama'a, wasu na cewa iska ce ta taɓa shi.

Tun 1992 ƙungiyar Sentinelles ta ƙasar Suwizalan, wadda Edmond Kaiser ya kafa, take da cibiya a Damagaram tana karɓar irin waɗannan yara, tana jinyarsu, tana shirya musu aikin gyaran fuska a nan gida ko a Turai. A Sakkwato an buɗe asibiti na musamman don wannan cuta a 1999. Ranar 15 ga Disamba 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shigar da noma cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi sakaci da su, bisa buƙatar da Najeriya ta jagoranci gabatarwa. Duk wannan abin yabo ne. Amma ya kamata a tsaya a dubi abin da yake nufi: shekara sama da 30 ana ɗaukar yaro daga ƙauyen Damargu a kai shi inda za a yi masa tiyata sau da yawa da kuɗin da uban nasa ba zai tara ba tsawon rayuwarsa, saboda ciwon da ƙwayoyin magani na mako guda ko biyu za su kashe da an buɗe bakinsa da wuri. Kuma yawancin waɗannan yara ba su kai shekara 5 ba, wato suna ƙarƙashin dokar magani kyauta. Dokar ta rufe su a takarda, abin da ya rage shi ne wanda zai ce wa yaron «buɗe bakinka» lokacin da aka kawo shi awo ko rigakafi.

Wannan ya kawo maganar bashin da ya dabaibaye tsarin. Yadda aka shirya shi, cibiyar lafiya za ta yi wa yaro aiki kyauta, ta aika takarda, baitulmali ya biya ta. Shekara da shekaru biyan yana makara, bashin ya taru ya kai biliyoyin sefa, kantocin magani na cibiyoyi suka bushe, majo ya koma rubuta wa uwa takarda ta je ta sayo a waje. Asalin wannan tarko tsoho ne. Yarjejeniyar Bamako ta 1987 ce ta kawo ra'ayin marar lafiya ya biya wani abu, dokar 1995 ta tabbatar da shi a Nijar, shekara guda bayan karyewar darajar sefa a Janairun 1994 da ta ninka farashin duk abin da ake shigowa da shi daga waje. Kayan aikin haƙori kuwa, daga kujera zuwa allurar kashe zafi zuwa abin cike kogo, babu wanda ake ƙerawa a nan. A Abuja a 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi don kiwon lafiya. Gwamnatoci sun zo sun wuce a Yamai, na farar hula da na soja, babu wadda ta cika shi.

Sau da yawa idan aka tayar da wannan batu sai a ce ƙasar ba ta da likitocin haƙori. Haka ne. A nahiyar Afirka ma baki ɗaya, ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna likitan haƙori 1 ne ga mutum kimanin 30,000, Nijar kuwa tana can ƙasa da wannan nesa, ƴan kaɗan ɗin da ake da su ma yawancinsu a Yamai suke, da dama a Dakar ko wasu ƙasashen suka yi karatu. Amma wanda ya ce sai an horar da likitan haƙori ga kowace ƙaramar hukuma kafin a taɓa bakin yaron Ollelewa, ya ɗage maganar ne zuwa zamanin jikoki. Tun tsakiyar shekarun 1980 aka gwada wata dabara a Tanzaniya ta cike kogon haƙori da kayan hannu kawai, ba lantarki, ba injin huda: a kankare ruɓaɓɓen wurin, a cike da wani irin siminti na musamman da ke kama haƙori. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tallata dabarar a 1994. A 2021 ta sa wannan siminti cikin jerin muhimman magungunan da ya kamata kowace ƙasa ta tanada, tare da man goge baki mai sinadarin fuloraid, da wani ruwa mai sinadarin azurfa da ake shafawa a kogo ya tsayar da ruɓa. Aibin ruwan shi ne yana mayar da wurin baƙi, abin da ba zai dami kowa ba a turmin da ke can ciki ko a haƙorin nono da zai faɗi. Malamin asibitin da aka horar zai iya duk wannan a kan tebur, a cibiyar lafiya ko a ajin makaranta. Jami'ar André Salifou ta Damagaram tana da tsangayar kiwon lafiya, babban asibitin ƙasa na birnin yana nan, makarantun horar da malaman asibiti suna nan. Wurin koyarwa bai gagara ba.

Sai dai a yi hattara da fuloraid, domin ƙasar nan ta taɓa ganin ɗaya fuskar tasa. A Tibiri ta jahar Maraɗi, rijiyar burtsatse da aka fara sha daga 1985 tana ɗauke da sinadarin fiye da ninki uku na abin da aka yarda da shi, wato miligiram 1.5 a lita. Dubban yara suka tashi da haƙora masu tsatsa, da yawa da ƙasusuwa a lanƙwashe, kafin a farga, har ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta FIDH ta fitar da rahoto a kai a 2002. Don haka duk shirin da za a yi a Damargu, inda ake dogaro da rijiyoyi masu zurfi, a fara da auna ruwan kowace burtsatse a liƙa sakamakon inda jama'a za su gani.

Ƴan kasuwa ma suna da kaso a wannan magana, kuma gara a faɗe shi a fili. Kakannin yaran nan sun tsufa da haƙoransu a kan fura da nono da tuwo da asuwaki. Yau a ƙofar kowace makaranta akwai tebur na alewa da cingam da biskit da ruwan zaƙi na leda, yawanci daga Kano, a farashin da dala biyar ko goma ta yaro za ta saya. Yaro yana tsotsa tun safe har la'asar, da dare kuma a miƙa masa shayi na uku, wanda ya fi sauran sukari. Masana sun nuna cewa yawan maimaita zaƙi a yini yana ɓarna ƙwarai, domin duk lokacin da sukari ya taɓa haƙori ƙwayoyin cutar baki suna mayar da shi tsami mai cin haƙorin. Babu mai cewa a hana mai tebur neman abincinsa. Amma dillalin da ya iya kai katan na alewa har ƙauyen da mota ba ta shiga, zai iya kai buroshi da ƙaramin man goge baki ta wannan hanyar, idan kwastan ta sassauta harajinsu har farashin ya zo daidai da na alewar. Asuwaki kuwa, wanda addini ya kwaɗaitar da shi kuma itacensa ke tsirowa a dajin yankin, manya ne ke riƙe da shi a bakin masallaci, ba safai ake ganin an koya wa ɗan shekara 4 ba. Malaman allo da limamai sun fi kowace takardar talla isa ga wannan.

Saura tambayar da aka saba rufe kowace muhawara da ita: ina kuɗin? Dokar 2014 da ta tsara harkar tace man fetur ta ware kashi 15 cikin 100 na harajin cikin gida da ake karɓa a kan man da aka tace don ƙananan hukumomi da majalisar jahar da matatar take, wato Damagaram. An daɗe ana ƙorafi a kan jinkirin zuwan waɗannan kuɗi da yadda ake kashe su idan sun zo. Tun Afrilun 2024 da aka rusa majalisun ƙananan hukumomi, kantomomi ne ke riƙe da su, babu kansilan da talaka zai tare a kasuwa ya tambaye shi, saboda haka nauyin bayani ya ƙaru a kan kantoman da gwamnan da ya sa ido a kansa. Horar da malamin asibiti ɗaya a kowace cibiyar lafiya ta Ollelewa, da akwatin kayan hannu, da tukunyar dafa su, da man babur na zagayen makarantu sau biyu a shekara, ba zai kai kuɗin ginin katangar ofis guda ba. Haka nan likitan haƙori daga Damagaram zai iya kafa kujerar tafi-da-gidanka a Bakin Birji ranar kasuwa sau ɗaya a wata, ranar da mutanen ƙauye suka riga suka biya kuɗin mota don wata buƙatar. Ma'aikatar kiwon lafiya tana da shiri na ƙasa mai kula da cututtukan baki da noma, shi ya kamata ya tsara wannan, ya kuma nemi a ɗaga shekarun magani kyauta zuwa 12 a kan abin da ya shafi haƙori, shekarar da famfara ke ƙarewa.

A 2021 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya zartar da ƙuduri a kan lafiyar baki, daga baya aka sa burin cewa kafin 2030 kashi 80 cikin 100 na mutanen duniya su samu haƙƙin kulawar haƙori ta farko cikin tsarin lafiyar ƙasarsu. Nijar mamba ce a wannan hukuma. Yaran Ollelewa da aka yanke wa cibi a 2024, a shekarar 2030 ɗin ne turmin farko zai fito musu.